Kafin Tuwo Ya Dahu

Da la'asar ne, cikin damina, ina ƙarama, ni da Inna muna zaune a gindin aduwa a bakin gonarmu, can ƙasar Filinge. Da safen nan aka yo waya cewa Baba yana kwance asibiti a Abijan, inda ya daɗe yana neman abinci. Inna ta ɗaure kayanta a zane, amma ruwan da aka kwana ana yi ya cika ƙorama ya yanke hanya, ba motar da ke shiga ko fita. Gida ya yi mata ƙunci, sai ta ja hannuna muka zo gona, ƙunshin yana kan cinyarta.

Can sama wani jirgi ya gifta, ɗan mitsitsi, yana jan farin zare.

Na ce, "Inna, wancan wurin Baba za shi?"

Ta ce, "Wataƙila. An ce in ya tashi daga Yamai, kahin tuwo ya dahu ya sauka Abijan."

"To mi ya hana mu shiga?"

Ta dubi jan ruwan da ke gudu a ƙasan gona.

"Ɗiyata, mu da ko wannan ba mu ƙetare ba?"

Labarin rasuwar Baba ya riga ruwan janyewa.

Bara aiki ya kai ni Abijan a jirgi. Fasinjoji suna ta barci abinsu. Ni kuwa na manna goshina a taga har muka sauka, ina jin haushin saurinsa.