Ƙullin Kaba a Gorar Gwadabe

Gwadabe ya miƙa hannu zai ɗauki gorarsa ta su, sai ya ga ƙullin kaba a igiyarta. Nan take ya janye hannunsa.

Duk Haɗeja, daga bakin kogi har cikin ganuwa, babu wanda bai san wannan ƙulli ba. Saƙon Inna 'Yar'azumi ne, tsohuwar da ke ɗinke auren da cin amana ya yaga. Ba ta aike. In labarin mutum ya kai kunnenta, sai ta zagayo ta ɗaura kaba a abin aikinsa, namiji a gorarsa, mace a wuyan tulunta. Wanda ya je ya faɗi laifinsa da bakinsa, ta gyara masa gida. Wanda ya noƙe kwana uku, ita da kanta take kai maganar gaban alƙali a raba auren.

Kabar da danshinta, alhali gorar ta kwana biyu a rana. Amma Gwadabe ina ya ga ta lura! Tuni hankalinsa ya tafi Kafin Hausa, wurin Larai, bazawarar nan mai bandar kifi. Tun da ruwa ya janye yake kai mata tarwaɗa kowace kasuwa, kuma ba kifin kaɗai ke kai shi ba.

Abin haushin, yana son matarsa Kulu. Shekararsu tara. Ita ce mai miyar kukar da maƙwabta ke leƙowa saboda ita, da kanwar Barno mai kyau wadda ba ta taɓa yankewa a gidan, ko da yake shi bai tuna ranar da ya sayo ba. Ya ɗauka albarkar maƙwabtaka ce, tunda Bunu falken kanwa a bayan dangarsu yake ɗaure jakansa. Ko tunanin a ce Kulu ta naɗe tabarmarta ta koma gidansu a Birniwa ba ya son yi.

Ya waiga ya same ta tsaye a bakin ɗaki, idanunta jajur.

"Maigida," in ji ta a hankali, "sai mu je."

Tausayinta ya kama shi. Ya ce a ransa, dubi yadda na mayar da baiwar Allah.

Inna na saƙar faifai suka yi sallama. Ta dubi kabar a hannun Gwadabe, ta daɗe tana duban Kulu, sannan ta ajiye saƙar. Ta zaunar da su yadda ta saba, baya da baya, zana a tsakaninsu.

"To, mai laifi ya fara," ta ce.

Ko rufe baki ba ta yi ba Gwadabe ya ɓarke. Ya faɗi Larai, ya faɗi kasuwa bakwai, ya faɗi zanen saƙin da ya kai mata, har da ranar da ya ce kada ne ya hana shi haye kogi. Abin da ba a tambaye shi ba ma ya zazzage. Inna ta riƙe haɓa tana ta salati, kamar wadda ba ta taɓa jin labarin ba.

"Kulu, kin ji. Me kika ce?"

"Na yafe, Inna. Duniya da lahira."

Ko zagi ɗaya babu, ko yajin kwana biyu. Gwadabe ya fashe da kuka kamar yaro, ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka Kafin Hausa ba. Inna ta sa suka raba goro ɗaya suka ci, ta sa musu albarka.

Ya fito zaure yana jin kansa sakayau. Wace irin sa'a ce wannan, mutum ya auri waliyyiya bai sani ba! Yana nan yana murmushi Inna ta kira Kulu ta koma ciki, wai za ta ba ta faifai. Shi ya sa bai ji abin da tsohuwar ta raɗa mata ba.

"Yau kin sha, 'yar nan. Amma ki gaya wa Bunu ya sake wa jakansa turke, kuma in na ƙara ɗaura kaba a tulunki, kada ki sake mayar da ita kan gorar mijinki."