Cibiyar Hanne

Tun da aka kafa dokar ajiye cibiyar kowane jariri, ciwon jini ya daina kisa. In mutum ya kwanta, sai a ɗauko cibiyarsa a haɗa masa magani daga jikinsa.

Da hantsi Lawandi ya je ɗakin ajiya karɓo ta 'yarsa Hanne, wadda ta yi wata biyu a kwance. Ma'aikaciyar wurin ta buɗe kwalbar da aka ajiye ta a ciki, ta daɗe tana dubawa.

"Malam, wannan ai hanjin kaza ne."

Ko sallama bai yi ba ya faɗa ɗakin mahaifiyarsa. Ita ta yanke cibiyar shekara goma sha tara da suka wuce, ita kuma ta miƙa wa jami'ai kwalbar.

"Inna, ina cibiyar Hanne?"

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. "Tana bayan ɗaki, inda na binne taka. Ni in ba wa baƙi naman jikata su sa a firji kamar kifi?"

"Kaza, Inna! Kaza kika ba su!"

"Rage murya. A ɗebi jinina, duka ma."

"Nata kaɗai jikinta zai karɓa! Sau nawa aka faɗa a rediyo?"

Ya figi fartanya ya yi bayan ɗaki. Ya haƙa har gwiwa, bai samu komai ba sai jar ƙasa da saiwar zogale. Inna ta biyo shi da faifan shinkafar a hannunta.

"Don kada ta yi nisa da gida na yi," ta ce a hankali.

Lawandi ya yi jifa da fartanyar. Daga ɗaki ana jin tarin Hanne.

"To, ba za ta yi ba, Inna."