Kwat Mai Wutsiya

"Juyo min ƙuri'un ɓangarenka, kai ne ministan gona," in ji jagoran jam'iyya, yana zuba wa wani dattijon ɗan majalisa giyar shinkafa.

"An gama, ranka ya daɗe," in ji ɗan majalisar da ya yi furfura a Tokyo yana jiran kujera.

Ya sa tela ya ɗinka masa kwat mai wutsiya, wadda ministoci ke sawa ranar shiga fadar sarki, ya zauna gadin waya.

Da ta buga, jagoran ne. "Dattijo, surukina aka ba. Tunda jikinku ɗaya, ara masa kwat ɗinka mana."

Jagora ya ci zaɓe, suruki ya ci kujera. Dattijo kuwa a talabijin ya ga kwat ɗinsa tana rusuna wa sarki.