Kwana Arba'in Ba Talabijin

Stanimir ya baza takardunsa a kan ƙaramin teburin ɗakin Baba, ya ture kwalaben magani gefe da bayan hannu, ya lashi bakin fensir. Radmila, matarsa, tana tsaye jikin ƙofa da tsumma a hannu. Ta san abin da zai biyo baya.

Bashin banki ne ya shaƙe su. Shekara uku ke nan da Stanimir ya ciwo shi don buɗe shagon gyaran taya a bakin hanyar zuwa birnin Nish. Shago ya mutu, bashi ya zauna daram, kuma wannan gida na Baba Obrad, mahaifin Radmila, shi aka sa jingina. Tun daga nan mutumin ya zama sarkin lissafi. Ya hana nama sai Lahadi, ya hana gahawar yamma, ya sayar da mota. Tabarsa kaɗai ce ba ta taɓa shiga lissafi ba.

Yau kuma an zo kan talabijin. Dinari dubu biyu da ɗari tara duk wata, gobe Asabar wa'adi ke cika. In ba a biya ba, kamfani ya tsinke tashoshin.

"Duba nan ki gani," in ji shi, yana dangwala fensir. "Limamin coci, dubu takwas. Akwati kuwa, ko mafi araha, kada ma ki tambaya. Ga alkamar sadaka, ga barasar masu zuwa gaisuwa, kin kuwa san 'yan layin nan, sha suke kamar an aiko su. A haka za ki ce in biya kuɗin ƙwallo?"

"Rage murya, Stanimir."

"Wa zai kai ƙarata? Bango?"

Abin haushin shi ne lissafinsa ba ƙarya a ciki. Gidan makoki ba a kunna talabijin ko rediyo sai an yi arba'in. A rufe madubi, maza su bar gemu, mata su sa baƙi. Matar da maƙwabta suka jiyo ihun ƙwallo daga gidanta a kwanakin nan, sai ta tsufa ana nuna ta da baki a kasuwa. To me ya kai mutum biyan watan da zai faɗa cikin arba'in?

Stanimir har kamfanin talabijin ɗin ya je ranar Laraba. Rajistar da sunan Baba take, saura wata goma sha huɗu, wanda ya fasa kafin lokaci sai ya biya tara. Amma da takardar shaidar mutuwa, a soke ba ko sisi. Ya dawo gida ranar yana murmushi, har da sayo wa kansa giya kwalba ɗaya.

Radmila ba ta da lamba ko ɗaya da za ta kare kanta da ita. Abin da take da shi kawai, Baba bai taɓa rasa wasan Lahadi ba tun tana yarinya, tana zaune a cinyarsa yana zagin alƙalin wasa har kakanninsa. Da mahaifiyarta ta rasu, da kuɗin fanshonsa ya sa tashoshin, ya ce ɗakin ya yi shiru da yawa. Jibi ƙungiyarsa za ta kara da babbar abokiyar gabarta. So take a ji hayaniyar nan a ɗakin sau ɗaya tak.

"Lahadin nan kaɗai," ta ce. "Don Allah. Saboda Baba."

"Kamfani ba ya sayar da Lahadi ɗaya, uwar tausayi. Tsoho ya yi kallonsa ya more. Mu da muka rage fa, a titi za mu kwana?"

Ya miƙe ya buɗe kabad. Ya ciro baƙin kwat ɗin da Baba ya ajiye tun shekara goma don ranar binne shi, ya laluba aljihun ciki, ya zaro ambulan. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya yi tsaki.

"Shekara arba'in a layin dogo, ko kuɗin raminsa bai cika ba."

Sannan ya jawo babbar rigar sanyin Baba ya zura, ya juya gaban madubi. Kafaɗa ta yi masa daidai. Bai cire ba.

Radmila ta ji iska na ratsa ɗakin, ta yi sauri ta rufe taga. Ta tsani mutumin nan a wannan lokaci, tsana mai ɗaci, amma ta fi tsanar kanta, don ita ma tun jiya take wannan lissafi a zuci. Dubu biyu da ɗari tara rabin kuɗin wuta ne.

"To," ta ce.

"To me?"

"Cire talabijin ɗin."

"A'a, ke za ki cire. Kada gobe ki ce ni ne mugu."

Ta durƙusa bayan talabijin. Ana maimaita ƙwallayen makon jiya, an kashe sauti, wani ɗan wasa yana gudu hannuwa a buɗe. Ta kama wayar ta fizge. Gilashin ya yi baƙi ƙirin.

Stanimir ya naɗe wayar, ya saƙale dikoda a hammata, ya tattara takardunsa da ambulan ya fita yana fito, rigar sanyin na jikinsa.

Ta daɗe a durƙushe. Tun shigowarta akwai ɓangaren ɗakin da ta ƙi kallo, yanzu kuwa ba makawa. Ta dafa bango ta miƙe, ta juya wajen gado.

Baba Obrad yana nan inda yake kwance tun wata huɗu da ɓarin jikinsa ya shanye, baki ba ya motsi, kunne garau, idanunsa biyu a buɗe suna kallonta.