Kuɗin Kwano

Dikko ya sake danna wurin cire kuɗi. 'Yar da'irar nan ta yi ta juyawa a fuskar wayar, sannan ta kawo amsar da take kawowa tun makon jiya: ana duba buƙatarka.

Ya kifa wayar a cinyarsa. Juma'a ce, ranar hutunsa, yana zaune a Corniche, titin bakin teku, da la'asar, jiragen katako suna lilo a kan ruwa. Ƙafafunsa ba su daina zugi ba, saboda tsayuwar gadi a ƙofar wani rukunin gidaje a unguwar Mesaimeer.

Abu ɗaya ya kawo shi Doha: ɗakuna uku a Funtua, a filin da ke manne da gidan mahaifinsu marigayi. Gini ya kai linta tun bara, saura rufi. Duk ƙarshen wata yakan tura wa ƙanensa Uwais kuɗin kwano. Duk wata kuma Uwais yakan aiko da saƙon murya, injin markaɗen Inna Ladi maƙwabciyarsu yana ta ƙara a bayansa.

"Yaya, kwano ya ƙara tashi. Katako ma haka. Sai dai mu haɗa da na wata mai zuwa."

Wannan giɓin ne ya kai Dikko ga karta. Wani direba ya nuna masa wani shafin caca na intanet, wanda 'yan Najeriya suka cika, ya kuma koya masa yadda ake zagayawa a shiga, tunda a nan an toshe irinsa. Poker ake ce wa wasan. Dikko ya san haramun ne, ya san doka ta hana. Sai ya yi wa kansa alkawari cewa ranar da aka buga ƙusar ƙarshe a rufin, zai goge komai ya tuba.

Gadi ya riga ya koya masa jira. Sunansa a teburi Maigadi, kuma ba ya shiga kowane zagaye. Yakan zauna shiru yana lura da mutane, har wanda yake jira ya iso.

Wato wani ɗan wasa mai suna Kurege.

Kurege yakan bayyana a farkon wata, aljihu cike. Dikko ya ɗauka wani ma'aikacin gwamnati ne da albashi ke yi wa ƙaiƙayi. Mutumin ba ya ajiye kati. Ko me aka raba masa sai ya bi har ƙarshe, in an cinye shi ya ƙara zubawa, kamar yaron da ba a taɓa kwaɓa ba. Wani lokaci yakan ɓace ana tsakiyar wasa, ya dawo ya rubuta cewa an ɗauke musu wuta. Dikko bai taɓa amsa masa ba. Yakan kwashe abin da ya ci, ya tafi bakin aikinsa.

Bai cire ko sisi ba. Ya bar su suna taruwa, don ya tura su dunƙule, a sayi kwanon gaba ɗaya kafin farashi ya sake motsi. Har ya riga ya ji a kunnensa irin ihun da Uwais zai yi.

Sai aka wayi gari hukumomin ƙasar da kamfanin cacar yake sun kama masu shi, sun riƙe asusunsu. Teburan suka mutu. Wasu suka ce za a biya kowa in an gama shari'a. Wasu suka ce sunayen 'yan wasa za a miƙa wa ƙasashen da suke zaune. Babu wanda ya san gaskiya.

Shamsudeen, ɗan Zangon Kumasi da suke ɗaki ɗaya, shi kaɗai ya san maganar.

"Khalas, shi ke nan, ɗan'uwa, ka manta," in ji shi. "Ka je wajen 'yan sanda ka ce me? Na yi caca, ku karɓo mini? In kafil, ubangidanka a nan, ya ji, sai dai mu raka ka filin jirgi."

Dikko bai iya mantawa ba. Damina ta kusa a gida, kuma bangon nan ya riga ya sha ruwan shekara guda a buɗe. Ya tura kuɗin wannan watan kamar kullum, amma Uwais bai aiko da saƙon da ya saba ba. Shi ma bai kira shi ba. Ba shi da ƙarfin sake jin farashin kwano.

Wayar ta yi motsi. Zauren hira na waya ne da waɗanda kuɗinsu ya maƙale suka buɗe, inda kowa ke ɓoye a bayan sunan teburinsa. An ce wani lauya ya yarda ya saurare su, kowa ya faɗi halin da yake ciki. Dikko yana karantawa ne kawai.

Yau sai ga Kurege. Ya rubuta cewa shi ana gobe za a rufe ya zuba duk abin da ke hannunsa, don ya rama abin da wani Maigadi yake cinye masa wata da watanni. Ya ce rubutu ba zai ɗauka ba, a saurara. Ƙarƙashin rubutun akwai saƙon murya.

Dikko ya daɗe yana kallonsa. Duk zaman da suka yi teburi ɗaya, bai taɓa tunanin Kurege yana da murya ba. Ya waiga, ya ga babu kowa kusa sai masu gudun motsa jiki da suka wuce. Ya rage ƙarar wayar, ya kara ta a kunne.

Kafin mai maganar ya buɗe baki, Dikko ya ji injin markaɗen Inna Ladi yana ƙara, sannan muryar Uwais ta ce, "Jama'a, ku taimaka mini, kuɗin kwanon yayana ne."