Takardar Girkin Otal

Nama na biyu ma ya ƙone. Wajensa ya yi baƙi ƙirin, cikinsa kuwa ɗanye shataf, har da sanyinsa. Auta ta yi jifa da cokali, ta ja dogon tsaki, ta koma kan wayarta tana duba takardar girkin da ƙawarta ta kwafo mata. Wuta mai ƙarfi, minti huɗu kowane gefe, sai bota da tafarnuwa. To me kuma ta rage?

Tsoka uku ta sayo masu kauri, yanzu saura ɗaya. Jatan landen da ta wanke, 'yan halittun ruwan nan masu ɓawo, suna kwance cikin ruwan lemon tsami suna jiran naman da ya ƙi yiwuwa.

Yau Baba ya cika shekara saba'in, kuma daga gobe likita ya raba shi da jan nama kwata-kwata. Shekara talatin da huɗu ya yi yana aiki a babban otal, a ofis kamar yadda yake faɗa. Kullum da safe ya fita da riga mai dogon hannu ta sha guga, da biro a aljihu. Tun Auta da yayanta suna yara suke jin labarin abincin da otal ɗin ya yi suna a kai, wato gasasshen naman sa da jatan lande. Da Auta ta taɓa tambayarsa ko da daɗi, cewa ya yi shi dai bai taɓa zama a tebur an kawo masa ba. Wannan magana ta daɗe tana ci mata rai. Shi ya sa ta bugi ƙirji a gaban kowa ta ce yau Baba zai zauna a tebur a kawo masa, kuma ita za ta girka.

Yayanta ya leƙo kicin ɗin yana tari na ƙarya.

"Auta, mu kira 'yan kwana-kwana ne, ko ki bari in sayo burodi?"

"Yaya, don Allah ka fita mini daga nan!"

Ya fita yana dariya. Ita kuwa hawaye ne ya cika mata ido, na hayaƙi da na takaici. Takardar nan fa ba ta intanet ba ce. Ƙawarta da ke aiki a otal ɗin ce ta kwafo ta daga tsohon littafin kicin, kalma bayan kalma, wai har yau da ita masu girkin wurin suke aiki.

Tun ɗazu kuma Baba ya ƙi barinta ta sha iska. Yana falo a zaune, amma nama na farko bai yi minti biyu a kasko ba ya ɗaga murya ya ce ta rage wuta. Da na biyu ya hau, ya ce tafarnuwar ta yi ɗaci. Mutumin da ko ruwan shayi ba ta taɓa ganin ya dafa ba! Mama kuwa sai ta sunkuyar da kai tana ta gyaran mayafin da bai karkace ba.

Auta ta buɗe firij ta ciro tsokar ƙarshe. In wannan ta lalace, shi ke nan, Baba zai shiga dokar likita da ƙaurin gawayi a hanci, Yaya kuma ya samu abin tsokana har ta tsufa. Ta ɗora kasko, ta buɗe gas har ƙarshe.

"Ko ma wane ne ya rubuta takardar nan, Allah ya isa tsakanina da shi!" ta ce da ƙarfi. "Mugu kawai, ya ɓoye sirrin ya bar mutane da wahala."

Sai aka miƙo hannu ta bayanta aka kashe gas ɗin.

Baba ne. Tunda ta yi wayo ba ta taɓa ganinsa a ɗakin girki ba. Ya danna naman da ɗan yatsa, ya girgiza kai, ya ajiye shi gefe ya rufe da faranti.

"Bar shi ya sha iska tukuna. Rabin awa."

"Baba, don Allah ka je ka zauna. Takardar ba ta ce haka ba."

Ya ɗaga kaskonta ya ƙwanƙwasa, ya ture shi, ya sunkuya ƙasan kabad ya jawo tsohon baƙin kaskon ƙarfe mai nauyi wanda Mama ta hana kowa zubarwa. Sannan ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu. Tabon ƙuna ne birjik, manya da ƙanana, waɗanda ya ce salansar babur ce ta yi masa tun yana saurayi.

Da lokaci ya yi, ya goge naman tas, ya barbaɗa gishiri daga sama, ya kwantar da shi a kasko. Ƙamshi ya cika gidan. Bai duba agogo ko sau ɗaya ba. Ya karkata kaskon yana kwarara bota a kai da cokali, ɗaya hannun kuma yana jera jatan lande a gefe. Auta ta tsaya baki buɗe, Yaya ma ya dawo bakin ƙofa, dariyar ta ɗauke.

Baba ya juye a faranti, ya goge gefensa da tsumma, ya miƙa mata.

"Ungo, kai tebur, zan je in zauna ki kawo mini. Amma ki janye Allah ya isar nan, Auta. Ba ɓoyewa na yi ba, lokacin da na rubuta takardar duk wanda ke kicin ɗina ya san ba a ɗora nama da sanyin firij."