'Yar Marini da Jami'o'i Biyu

Tunda ka ce zaɓi ya sha maka kai, bari in ba ka misali. An yi wata 'yar marini wadda tun tana ƙarama ba ta iya ganin an danne wani ta yi shiru, har ta ƙudurta a ranta sai ta zama lauya. Da ta gama sakandare, jami'o'i biyu suka ba ta gurbin karatun shari'a. Ɗaya babba ce, a birni, sunanta kaɗai ya isa a ɗaga kai a dube ka. Ɗayar ƙarama ce, a wani gari da sai an yi kwatance. Kowa ya ce ai wannan ba abin shawara ba ne. Kawunta har ya fara baza labari a majalisa cewa 'yarsu ta yi birni. Ita ma can zuciyarta ta karkata, sai dai ta san ɗan abin da mahaifinta ya tara da hannuwan nan da shuni ya rine ba zai kai a yi kuskure a sake ba. Don haka ta roƙi a bar ta ta je ta gane wa idonta.

A babbar jami'ar ta tarar da aji maƙil, wasu a kan taga, wasu a tsaye a waje. Malamin yana can gaba, bakinsa na motsi, muryarsa ba ta isowa baya. Wata ɗaliba ta shaida mata shekararta uku a nan, ba malamin da ya san sunanta. A ƙaramar kuwa fentin bango duk ya ɗaye, ɗakin karatu bai kai ya kawo ba. Amma a inuwar wata darbejiya ta iske ɗalibai suna gwajin zaman kotu a kan rikicin gona, wata dattijuwar malama tana tsayar da su ɗaya bayan ɗaya tana gyara musu. Malamar ta hango baƙuwar fuska, ta ce, "Ke kuma fa, wa kike ganin ya fi gaskiya?" Yarinyar ta yi magana, aka saurare ta har ta kai aya, sannan aka nuna mata inda hujjarta ta yi rauni. Duk tsawon hanyar komawa gida hujjar nan take juyawa a ranta.

Ta zaɓi ƙaramar, ta kuwa sha surutu. Ko bayan ta kammala, sau biyu ana tsallake takardarta wajen ɗaukar aiki saboda ba a san makarantar ba. A na uku aka ba ta dama ta buɗe baki, kuma tun daga ranar ba a sake tambayarta inda ta yi karatu ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.